Sabo Turken Wawa Ne, Ko Jarin Mai Sana'a?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tace fim yana tsakiyar aiki, da zai ɗauke ido daga allo ya dubi hannun mutumin, da ya ga abin mamaki. Yatsu uku suna zaune a kan J da K da L: na farko ya mayar da hoto baya, na biyu ya tsayar da shi, na uku ya tura shi gaba. Ya danna I, ya danna O, ya yanke, ya liƙa, ya wuce. Ka tambaye shi wane maɓalli ya taɓa yanzu-yanzu, sai ya sunkuya ya dubi kibod kafin ya ba ka amsa. Ilimin ya daɗe da barin kansa, ya gangara cikin yatsu. Haka ƙafar tela take da fedar keken ɗinki, tana aikinta shi kuwa yana hira da mai kaya.

Shekaru ake yi ana tara wannan ilimi na yatsu, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Shi ake taɓawa duk ranar da wani kamfani ya wayi gari ya ce ya yi wa manhajarsa sabuwar fuska. Shi ya sa idan aka tashi muhawara kan ko manhajar zane da ta tace bidiyo ta fi buƙatar kyan gani ko sauƙin aiki, tambayar da ta fi damuna ita ce: idan aka yi sauyin, wa zai ɗauki asararsa? Kamfanin, ko wanda ke da aikin da zai miƙa gobe da safe?

A ranar 21 ga Yuni, 2011, kamfanin Apple ya saki Final Cut Pro X a kan dala 299.99. Kafin nan Final Cut Pro 7 ta riga ta zama gida ga ɗimbin masu tace fina-finai da shirye-shiryen talabijin a duniya. Mutane sun gina situdiyo sukutum a kanta, sun horar da yaransu, sun sayi na'urorin da suka dace da ita. Sabuwar ta zo da fuska mai duhu da sheƙi, an kwashe tarkace, ga sauri. Sai dai ba ta buɗe aikin da aka yi da ta bakwai. Ba ta da hanyar haɗa hotunan kyamarori da yawa da suka ɗauki abu guda a lokaci guda, alhali mai tace hira ko taro ko biki da wannan yake cin abinci. Ba ta fitar da aiki a tsarin da mai gyaran sauti da mai gyaran launi suka saba karɓa. Ga shi kuma an janye tsohuwar daga kasuwa nan take, wanda ke son ƙara kwamfuta ɗaya a situdiyonsa ya nemi lasisi ya rasa.

Editoci suka yi ca. Suka raɗa mata suna iMovie Pro, wato manhajar 'yan koyo da aka zura wa babbar riga. Aka yi takardun koke a intanet, har shirin barkwanci na Conan O'Brien a Amurka ya yi mata ba'a. Ga Adobe da Avid kuwa, kamfanonin da ke gogayya da Apple a wannan kasuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Adobe ya zabge rabin kuɗin Premiere Pro ga mai tahowa daga Final Cut, Avid ma ya yi nasa rangwamen. A watan Satumba Apple ya dawo da sayar da tsohuwar ta wayar tarho, a Janairun 2012 kuma ya mayar da haɗa kyamarori cikin sabuwar. Amma ayari ya riga ya tashi.

Abin da ke ba ni takaici a wannan labari shi ne, tunanin da ke cikin sabuwar manhajar mai kyau ne. Layin tacewarta kamar mai maganaɗisu yake: ka cire wani yanki, sauran su matso da kansu su rufe gurbin, sauti kuma ba ya rabuwa da hotonsa bisa kuskure. Randy Ubillos, wanda ya jagoranci aikin, shi ya rubuta Premiere ta farko, shi ne kuma ya assasa Final Cut ɗin kanta, ba baƙo ba ne a harkar. Da yawa daga waɗanda suka fara koyon tacewa a kanta har yau suna yabon saurinta. Laifin guda ne, mai girma kuwa: an rushe gada mutane suna tsallaken kogi da kayansu.

Me ke jan kamfanoni zuwa ga kwalliya haka? Akwai dalili, kuma an auna shi. A 1995 Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura na cibiyar zane ta kamfanin Hitachi a Japan suka nuna wa mutum 252 fuskokin na'urar cire kuɗi iri 26, suka nemi kowa ya faɗi yadda yake ganin kyan kowace, da yadda yake zaton sauƙin amfani da ita. Sai ya zamana wadda aka ga ta fi kyau ita ake zaton ta fi sauƙi, ko da tsarin maɓallanta bai fi na sauran ba. Noam Tractinsky ya maimaita gwajin a Isra'ila yana tsammanin al'adar Japanawa ce kawai, sai ya tarar alaƙar ta ma fi ƙarfi a can. Ido yana yanke hukunci tun kafin hannu ya taɓa. Manhaja kuwa da hoton allo ake tallata ta, da bidiyon minti biyu, da taron ƙaddamarwa. Babu mai ɗaukar hoton awa ta takwas, lokacin da wuya ya ƙage, ido ya yi ja, mai aiki kuma yana ta kiran waya.

Nan ne bambancin yake. Na'urar cire kuɗi minti ɗaya ka yi a gabanta ka tafi. Manhajar sana'a kuwa a cikinta kake wuni. A ce an ɓoye wani maɓalli a ƙarƙashin ɗigo uku don allo ya yi fes. Ga mai kallo ba komai ba ne, dannawa ɗaya ta zama biyu. Ga wanda ke taɓa maɓallin sau ɗaruruwa a rana, an sa masa haraji ne wanda zai biya kullum har ya bar sana'ar. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɓata kafin ya kai gare shi. Amma har yau za ka ga an ƙanƙantar da alamomi, an mayar da su duka ruwan toka masu kama da juna, alhali da launi ido ke gano almakashi daga burushi ba tare da ya karanta komai ba. Apple ɗin dai a 2016 ya cire layin maɓallan sama na MacBook Pro, har da Esc, ya sa siririn gilashi mai haske a wurin. A talla ya yi kyau ƙwarai. Sai dai yatsa ba ya jin gefen maɓalli a kan gilashi, dole ka sauke ido ka duba. A 2019 Esc ya dawo, a 2021 sauran suka biyo shi a manyan samfuran. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada wannan ya sa a ɗauka kyau abokin gabar aiki ne. Duhun da Photoshop ta koma tun daga CS6 a 2012, da ruwan tokar manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, suna da hujja: idan gefen hoto yana walƙiya, ido ba ya auna launin hoton daidai. Tazara tsakanin abubuwa, haruffa masu karantuwa, tsari da ke sa ka gane abin da ya fi muhimmanci da kallo ɗaya, duk kyau ne, kuma duk aiki ne. Sannan tsofaffin hannu ma ba kullum suke da gaskiya ba. Wani lokaci abin da suke karewa wahala ce kawai da suka saba da ita, har suka manta wahala ce.

Blender ita ce hujjata a nan. Manhajar zane mai siffa uku ce, kyauta, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya ƙirƙira, jama'a kuma suka yi karo-karon Yuro 100,000 a 2002 suka fanshe ta ta zama ta kowa. Shekara da shekaru, a Blender da maɓallin dama na linzamin kwamfuta ake zaɓar abu, saɓanin kusan duk wata manhaja a duniya. Sabon shiga ya danna hagu ya ga bai zaɓi komai ba, ya sake dannawa, ya gaji ya rufe. Tsofaffin masu amfani suna da bayanai kan hikimar hakan, wasu bayanan ma masu ma'ana ne, amma ƙofar ta kasance a ƙuntace. A ƙarshen Yulin 2019 aka saki Blender 2.80 da sabuwar fuska, zaɓi ya koma hagu. An yi asara, gaskiya: an cire injin yin wasanni, ƙarin kayan aiki da yawa da mutane suka rubuta sun daina tafiya sai da aka sabunta su. Amma dubi yadda aka bi da mutane. Da ka buɗe ta karon farko za ta tambaye ka, hagu kake so ko dama? Tsohon tsarin maɓallai yana nan ga mai so. An ƙara wani tsarin mai kama da na sauran manhajojin masana'antar don masu tahowa daga waje. Tsofaffin fitowa kuma suna nan a shafinsu, ka sauke wadda ka ga dama. A watan nan ne kamfanin wasannin kwamfuta Epic Games ya ba gidauniyar Blender dala miliyan 1.2, takwaransa Ubisoft ma ya shiga sahun masu tallafi. Sauyi ne babba kamar na Final Cut, amma an bar gadar a tsaye.

To, mu zo ga abin da ake kira biyayya. Idan mutum ya ce shi ɗan Premiere ne ko ɗan Corel ne har abada, yawanci ba kamfanin yake ƙauna ba, don bai san ko mutum ɗaya a cikinsa ba. Yatsunsa yake karewa, da tarin ayyukansa na shekaru da ke kulle cikin nau'in fayil da manhaja ɗaya ce kawai ke buɗewa, da kuma mutanen da yake mu'amala da su. Kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa Premiere ke zuwa da tsarin maɓallan Final Cut da na Avid a shirye, Resolve ma ke zuwa da na Premiere. Suna cewa ne: taho da yatsunka yadda suke, ba za mu taɓa su ba.

Da wannan dabarar aka kayar da QuarkXPress. A shekarun 1990 kusan duk jarida da mujalla a Turai da Amurka da ita ake tsara shafi, har kamfanin ya yi yunƙurin sayen Adobe a 1998. Masu amfani suna ƙorafin tsada da rashin kulawa, amma ina za su? A 1999 Adobe ya fito da InDesign, wadda ke buɗe fayilolin Quark, kuma tana da tsarin maɓallan Quark ga mai so. Da Apple ya koma sabon tsarin sarrafa kwamfuta na Mac OS X a 2001, InDesign ta hau sabon tsarin a farkon 2002, Quark kuwa sai tsakiyar 2003. A shekarar ne kuma Adobe ya haɗa InDesign da Photoshop da Illustrator a ƙunshi ɗaya. Cikin 'yan shekaru gidajen jaridu suka sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Abin da Quark ya ɗauka ƙauna ce ashe rashin mafita ne.

A ƙasarmu igiyar da ta fi ƙarfi ita ce ta mutane. Shiga maɗaba'u a Kano ko Kaduna ko Shomolu a Legas, inda ake buga kalanda da katin biki da fastar siyasa, za ka tarar CorelDRAW ce ke mulki. Yaro zai iya ƙwarewa a Illustrator, amma idan ya kai aiki wurin mai injin za a ce masa ya kawo a Corel, a kuma tambaye shi ko ya mayar da haruffan sun zama zane, sau da yawa ma a ce ya sauke fayil ɗin zuwa tsohuwar fitowa, domin ta shagon ba ta buɗe na sabuwa. Ubangida a kanta ya koya, ya koya wa yaransa, su ma suka buɗe shaguna suka koya wa nasu. Wanda ya bar Corel a irin wannan kasuwa ya bar harshen da ake ciniki da shi. Ban ga wauta a zamansa ba, lissafi ne.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu darasin, kuma ya haɗa ɓangarorin biyu. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu a kowace na'ura, an yi amfani da wasu fon, wato salon haruffa, na musamman da suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. A kwamfutar da ke da fon ɗin, rubutu lafiya lau. A wadda ba ta da shi kuwa sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ya koma ]aya. Har yau ana cin karo da irin waɗannan rubuce-rubuce a intanet, ma'anarsu ta maƙale a kayan aikin da aka rubuta su da shi. Yanzu kuma matsalar ta juyo ta fuskar kwalliya. Mai zane zai zaɓi fon mai ƙayatarwa, ya tarar ba shi da ƙ, maimakon ya sauya fon sai ya sauke lanƙwasar. Fasta ta yi kyau, amma ƙafa ta zama kafa, ɓata ya zama bata. Duk lokacin da na ga haka a allon talla raina yana sosuwa, domin an fifita idon mai wucewa a kan harshen mai karatu.

Ita biyayyar nan kuma ɓangare ɗaya ne ke yin ta. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A watan Mayun 2013 Adobe ya sanar cewa daga CS6 an daina sayar da manhajojinsa, sai dai haya, dala 49.99 a wata ga cikakken ƙunshin. Ka daina biya, ƙofa ta rufe, ayyukanka suna kwamfutarka amma makullin yana hannun wani. A Oktoban 2019 masu amfani da Adobe a Benezuwela suka sami saƙo cewa za a rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, sai da gwamnatin Amurka ta ba da izini na musamman aka fasa. A ƙarshen 2022 yarjejeniyar Adobe da Pantone, kamfanin da ke tsara launukan ɗab'i, ta sauya, wasu suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka ga launukan sun koma baƙi, sai an biya Pantone dala 15 a wata. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu bisa zargin ɓoye tarar da ake cin mai son fita kafin shekara ta cika, wadda ta kai rabin kuɗin watannin da suka rage. Ga mai zane a Najeriya akwai ƙarin nauyi: kuɗin hayar da dala ake lissafa shi, dalar da a farashin gwamnati take wajen naira 460 a Mayun 2023, ta haura 1,500 a 2024, a daidai lokacin da bankuna da yawa suka hana katin naira saye a waje. Ko da manhajar ba ta ƙara komai ba, kuɗinta a naira ya ninka uku.

Gudu ma ba ya ba da tabbaci. Masu zanen fuskokin manhaja da yawa sun koma Figma, sai a Satumbar 2022 suka ji Adobe zai saye ta dala biliyan 20. Hukumomin Turai da Birtaniya ne suka tsaya kai da fata har cinikin ya rushe a Disambar 2023. Waɗanda suka gudu wurin Affinity don su saya sau ɗaya su huta, a Maris na 2024 suka ji Canva ya sayi kamfanin da ke yin ta. Ka bar gidan haya ka koma wani, kana cikin shimfiɗa tabarma a ce maka an sayar da gidan.

Saboda haka nake jin ciwo idan na ga masu sana'a ɗaya suna rabuwa gida-gida kamar magoya bayan ƙwallo, ɗan Premiere yana raina ɗan Resolve, tsohon hannu yana yi wa yaron da ke aiki da CapCut ko Canva a waya kallon wanda bai iya komai ba. Yaron nan da abin da ke aljihunsa ya fara, kuma manhajojin sun ci nasara ne don sun cire ranar farko mai wuya wadda ta kori mutane da yawa daga sana'ar. Abin da ya kamata ubangida ya duba shi ne ko yaron ya san inda ake yanke hoto da dalilin yankewa a nan, ko ya san tazarar da rubutu ke buƙata don ya numfasa. Wannan yana bin mutum duk inda ya koma. Ranar da aikin ya fi ƙarfin waya, yaron da kansa zai nemi babbar manhaja, shi ma ya sha tasa wahalar makonnin farko, lokacin da kai ya san abin da yake so amma yatsu suna laluben hanya.

Waɗannan makonnin su ne ainihin farashin sauya sheƙa, kuma suna wucewa. Yatsu suna sake koyo, musamman idan sabuwar manhajar ta karɓi tsoffin maɓallanka. Abin da ba ya dawowa shi ne aikin da ya kulle. A ganina, kafin a tambayi ko manhaja tana da kyau ko tana da sauƙi, a fara tambayar ta wace ƙofa ake fita daga cikinta: tana fitar da aikin tacewa a XML, nau'in fayil da sauran manhajoji ke ganewa, zane a SVG ko PDF, shafi a tsarin da wata za ta iya karantawa? Kuma a riƙa fitar da su tun ana zaman lafiya, duk aikin da aka gama.

Masu Final Cut Pro 7 sun ga amfanin haka. Wani ƙaramin kamfani na waje, ba Apple ba, ya fito da manhajar da ke mayar da tsofaffin ayyuka zuwa sabuwar, amma da sharaɗi: sai ka buɗe aikin a tsohuwar ka fitar da shi a XML tukuna. A 2017, da macOS High Sierra ya fito, Final Cut Pro 7 ta daina buɗewa ɗungurungum. Wanda ya sabunta kwamfutarsa bai fitar da komai ba, fayilolin shekaru suna nan a faifansa, yana ganin sunayensu, ba ya iya shiga. Shi ya sa wasu editoci suka ware tsohuwar Mac guda a kusurwar situdiyo, ba a sabunta ta, ba a aikin yau da kullum da ita, sai ranar da wani tsohon abokin ciniki ya kira ya ce a gyara masa suna ɗaya a ƙarshen wani shiri da aka yi a 2009.